Zancen Tsohuwa

Haɗeja, farkon Yuli

Zuwa ga Yaya Modu, mutumin teku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da abokan aikinka na jirgi, kuma teku ta daina juya maka ciki. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi, sai zazzaɓin damina da ya ɗan taɓa Baba Isa, ya kuma miƙe har ya koma fadama wurin shinkafarsa. Kogi ya fara cika. Masunta sun ce bana da wuri ruwan ya zo, kuma launinsa bai yi musu ba.

Kaka Gumsu, tsohuwar gidan nan, ta ce in gaida angonta da ya gudu ya bar ta. Ta ce ita ba ta yi mamaki ba, jinin mutanen Chadi ne, ko a tudu aka raine shi sai ya nemi ruwa. Duk ranar da wasiƙarka ta shigo wayata sai ta zaunar da ni a bakin gadonta na karanta mata daga farko har ƙarshe, kuma ba ta yarda in riga ta leƙawa. Wai ita ta goya ka tun da aka kawo ka daga Birniwa bayan rasuwar mahaifiyarka, kai jikan ƙanenta ne, don haka wasiƙar tata ce, ni jikar cikin gida 'yar karatu ce kawai. Ka ga irin wulaƙancin da nake sha a kanka.

Kwamfutar da ka bar mini tana nan, da ita nake buga tambayoyin jarrabawar 'yan ajina. Kaka har yanzu "allon Modu" take ce mata, ba ta bari a ɗora mata ko kofi. Ina so in jirginku ya tsaya a gaɓa mu yi kiran bidiyo a kanta, don a waya Kaka ba ta ganin komai saboda yanar idon nan, muryarka ma a waya ta ce ba taka ba ce. Sai dai rannan na gwada da wata ƙawata, hoton ya daskare. Wannan mu bar shi tukuna.

Sai zancen tsohuwa, wanda shi ne ya sa na zauna rubutun nan. Yaya, ta fara mantuwa. Abin da ka ba ta da safe, kafin azahar ta sake shi kamar ba a yi ba. In ka tambaye ta abu sai ta daɗe tana juyi kafin ta ba ka amsa, in kuwa ka haɗa mata abu biyu a lokaci guda sai ta tsaya cak. Abubuwan da can suna nan daram, na yau ne ba sa zama. Na kai ta an duba, an ce shekaru ne. Ban faɗa wa kowa yadda abin yake damuna ba, kai ne ka fi kowa saninta. Me zan yi? Akwai abin da ake yi wa irin wannan?

Taka ƙanwa,
Mansura

*

A kan teku, ƙarshen Yuli

Malama Mansura, sarkin ƙorafi,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, ko da yake ta daɗe a hanya, don sadarwar jirgin nan sai ta ga dama take kawo saƙo, shi ma rubutu kawai. Cikina ya saba, har na fara neman ƙari a abincin kukunmu, wanda ban san sunansa ba har yau. A gaida Baba Isa, Allah ya ƙara sauƙi, ya tsare masa shinkafa. Ki ce wa amaryata Kaka Gumsu ban gudu ba, kayan lefe nake haɗawa, ita dai ta fara surfen geron burabusko tun yanzu.

Zancen tsohuwa kuwa, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Sai yanzu kika san halinta? Ai tun ina gida take wahalar da ni. Ta ci zamaninta, Mansura, ta gama. Da shawarata za a bi, a yar da ita kowa ya huta.

Amma na san ki da riƙo. Tun ina makaranta nake kiran kwamfutar nan tsohuwa, ke ce kika ƙi yarda ta tsufa. To bari in yi miki karatu, tunda yau ni ne malamin.

Matsalarta ƙwaƙwalwa ce, wadda masu gyara ke ce wa ram. Kada ki je ki sayo memorin waya ki ce ni na ce. Wurin da take ajiye hotuna da takardu daban ne, shi kamar rumbu yake, shi ya sa kika ga abubuwan da suna nan lafiya. Ram kuwa kamar tabarmar shanya ce, abin da ake aiki a kansa yanzu nan ake baza shi. Tata ƙarama ce, gig huɗu. In kika buɗe abu na biyu, sai ta tattare na farko ta kai rumbu kafin ta samu wurin baza sabon. Wannan ce tsayawar da kike gani.

Hanya biyu ce. Ko a cire wadda ke ciki a sa mai sauri, ko a bar ta a ƙara wata a gefenta ta zama mai yawa. Masu gyara sun fi son tallata mai sauri, don sunan ya fi daɗi a kunne. Zan yi tunani in faɗa miki wadda ta fi dacewa. Ba gaggawa, ba inda za ta.

Yayanki mai ilimi,
Modu

*

A kan teku, ƙarshen Agusta

Mansura,

Salama. Lafiya kuwa? Shirun ya yi yawa. Wani abokin aikina ya ce ya ga labarin ambaliya ta wajenmu, amma bai riƙe sunan garuruwan ba. Ko layi ɗaya ne ki turo. Yaya Kaka?

Modu

*

Malam Madori, tsakiyar Satumba

Yaya Modu,

Assalamu alaikum. Muna raye, da wannan zan fara. Jingar da ke tare kogi ta ɓalle ta wajen unguwarmu, ruwa ya shigo har ɗakin Kaka, shinkafar Baba Isa kuwa ko ganyenta ba a gani. Ba mu rasa rai ba a gidanmu, alhamdu lillahi. A kwalekwale aka fito da Kaka, ni kuma na bi ruwa iya ƙirji da kwamfutarka a ka cikin leda, don ta rantse ba za ta shiga kwalekwalen ba sai ta ga allon Modu ya fita. Wayata ce ta faɗa ruwa, sai shekaranjiya na samu wata. Yanzu muna gidan 'yar'uwarmu Inna Fanna a nan Malam Madori, ita ma tana gaishe ka.

To ruwa ba shi ne abin da ya fi ci mini rai ba. Kai ne.

Wace tsohuwa ka zaci nake nufi? Modu, don girman Allah, wace tsohuwa? Ni zan zauna in rubuta maka na kasa faɗa wa kowa damuwata a kan ƙarfe da roba? Kaka nake nufi. Kaka ce ta fara mantuwa, ita na kai asibiti aka ce shekaru ne. Duk unguwa tsohuwa ake ce mata, ita ma ta amsa sunan. Ni na manta da wani suna da ka sa wa kwamfuta tun kana ɗalibi.

Bari ka ji abin da wasiƙarka ta yi. Na zauna a bakin gadonta kamar kullum, ban leƙa ba kamar yadda ta shar'anta. Na karanta gaisuwa, ta yi dariyar burabusko har da tafa hannu. Da na zo "zancen tsohuwa kuwa" sai ta gyara zama ta matso, ni ma na ce a raina ga amsa ta zo. Bakina ya riga idona. Sai da na furta "kowa ya huta" sannan na ga layin da ke ƙasa.

Na ce, "Kaka, allo yake nufi. Wallahi allo yake nufi, ga shi nan ya rubuta."

Ta dube ni ta ce, "Allo namiji ne, 'yar nan. Ba a ce wa allo tsohuwa."

Na karanta mata sauran, na maimaita, na yi rantsuwa har muryata ta dishe. Ta ce, "Bar wahalar da kanki. Bai yi ƙarya ba, na wahalar da shi." Ta juya ta fuskanci bango. Na yi kwanaki ina rubuta maka amsa ina gogewa don haushi, ana cikin haka ruwa ya zo.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne wannan. Tana manta ta ci abinci. Ta manta an yi ambaliya, kullum sai ta tambaya me ya kawo mu gidan mutane. Jiya ta tambayi Inna Fanna ko ita baƙuwa ce. Amma maganarka ta zauna, ita kaɗai ce sabon abin da ya shiga bai fita ba. Kowace safiya sai ta naɗe zannuwanta ta ɗaure ƙunshi ta ajiye a bakin ƙofa, wai in an zo yar da ita kada a sha wahalar tattara kaya. In kwance, gobe ta sake ɗaurewa.

Na gaji, Yaya. Ni ban san yadda ake cire magana daga kan mutum ba. In ka sani ka faɗa mini, tunda kai ne malamin.

Mansura

*

A kan teku, ƙarshen Satumba

Mansura,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na gode Allah da kuka tsira, Allah ya mayar wa Baba Isa da alherinsa. Ina lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Na karanta wasiƙarki har ƙarshe. Na koma na karanta taki ta farko. Ga shi nan ƙarara, "tsohuwar gidan nan", kin rubuta tun a sama. Idona ya wuce ta kansa. Matar da ta tauna mini abinci ta sa a bakina, ni na ce a yar da ita, kuma da muryarki ta ji.

Na je wurin kyaftin na roƙi a sauke ni a tashar farko. Ya saurare ni, ya yi mini jaje, ya ce ba mai karɓar aikina sai yarjejeniyata ta ƙare a ƙarshen shekara, kuma takarduna suna hannun kamfani. Na fito na tsaya ina kallon ruwa. Ko ta ina ruwa ne, Mansura.

Abu ɗaya ya rage mini. Farkon Oktoba za mu tsaya a Kwatano sauke kaya, wuni guda kawai. A gaɓa zan samu sadarwa mai ƙarfi. Ina so ta ga fuskata, ta ga bakina yana faɗa. In za ki samu aron kwamfutar wani, ki ara. In ba ki samu ba, ki kai tawa wurin mai gyara, kuma ga amsar da na yi ta ja miki rai a kanta: mai yawa za ki sa, ba mai sauri ba. Kiran bidiyo wuri yake ci. Ita kuma injin cikinta tsoho ne, yana da iyakar gudunsa, ko an sa masa mai sauri zai ja ta ta dawo daidai da shi. A bar ta cikin, a ƙara gig huɗu irinta a ramin da ke gefe. Ki sa a gwada a gabanki, a kira wani a bar shi ya daɗe, ki ga ko hoton zai daskare.

Wannan ki karanta wa Kaka: Kaka, ni ne Modu, angonki. Ban ce a yar da ke ba. Da injin nan nake. In aka yar da ke, ni wa zan koma wa? Ki kwance ƙunshin nan, ki jira ni.

Iyakar abin da na sani ke nan. Na ƙarfen na sani. Na Kaka ban san komai ba, na tambayi duk wanda ke jirgin nan, kowa sai ya ce tasa kakar ma haka ta yi.

Modu

*

Malam Madori, farkon Oktoba

Yaya Modu,

Salama. Muna lafiya, ruwa ya fara janyewa amma ɗakin Kaka ya rushe, ba mu da ranar komawa.

Na karanta mata saƙonka. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ke kika rubuta don ki faranta mini. In da gaske ne, ya faɗa da bakinsa." Na aro kwamfutar shugabar makarantarmu, sabuwa fil, na ajiye a gabanta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce a fitar da kayan mutane, wannan ba allon Modu ba ne.

Don haka na hau mota na je Haɗeja wurin Zarami mai gyara, wanda ke layin masu waya. Ya buɗe ta ya jera mini 'yan falankai biyu koraye a kan tebur, ya ce wannan mai sauri ce, wannan kuma ƙari ce a kan ta ciki, shi da shi ne mai sauri zai sa. Na tsaya ina kallonsu kamar a cikinsu ne maganin Kaka yake. Ka riga ka yi kuskure sau ɗaya, na ce a raina, in wannan ma kuskure ne fa? Amma na ce ya sa mai yawa. Ya kira matarsa muka bar kiran ya daɗe, har ta gama tankaɗe tana yi mana hira, hoton bai daskare ba.

Ka shirya zuciyarka. Kwanan nan Hausa tana zame mata, yarenta na Barbarci take komawa, irin na ƙuruciyarta a bakin tafkin Chadi. Ni ina ji don ni ke kwana da ita. Kai na san naka ya tsaya a gaisuwa.

Ka turo ranar.

Mansura

*

Kwatano, da yamma

Mansura, alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi! Kin ga yadda Kaka ta zuba mini ido a kiran nan? Kin ga murmushin? Ƙarar injin sauke kaya ta hana ni jin muryarta sosai, Barbarcin ma ya fi ƙarfina, amma da kika ce ta ce ta yafe, sai na ji an sauke mini dutse daga ƙirji. Allah ya biya ki. Kuma ki yarda na iya zaɓe, ko ƙyaftawa hoton bai yi ba.

Kamfani sun nemi in ƙara wata shida bayan Disamba. Da na ƙi, amma tunda hankalinta ya kwanta, ga kuma ɗakinta da ke jiran gini, ina ganin zan amsa. Zan sa hannu in mun isa tasha ta gaba. Ki gaida amaryata.

Modu

*

Malam Madori, washegari

Yaya Modu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina roƙon Allah wannan ta same ka kafin ku isa tashar da ka ce, don na san halin sadarwarku.

Kada ka sa hannu.

Da na bar ka da farin cikinka, wallahi haka na yi niyya. Kana kuka a gaban mutane da hular aiki a hannu, ka ce "me ta ce, me ta ce", ni kuma na kasa faɗa maka gaskiya. Ban fassara maka daidai ba.

Ta ga fuskarka sarai. Hoton ya fito tas, har tabon goshinka na faɗuwar keke ana gani. Murmushin da ka gani kuwa irin wanda take yi wa baƙo ne. Da ka gama ba ta haƙuri ta juyo ta tambaye ni, "Wannan bawan Allah ɗan gidan wa ne? Yana da ladabi. Me aka yi masa yake kuka?" Na ce Kaka, Modu ne. Ta ce a'a, Modu yaro ne, bai yi gemu ba.

Sai ta ga ruwa a bayanka da manyan jiragen nan. Nan ne ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, lokacin da ka zaci ta gane ka. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba ban rage ba:

"Malam, na ga kai ma mutumin ruwa ne. Ina da yaro a can, Modu sunansa. In kun haɗu ka ce masa tsohuwa ba ta yi fushi ba. Kayana a ɗaure suke. Amma kada ya aiko kowa. In yar da ni za a yi, ya zo da kansa ya yi, in gan shi."

Shi ne na ce maka ta yafe.

Bayan ka kashe, ta goge gilashin da bakin mayafinta, ta ce in mayar da allon Modu cikin leda kada ya dawo ya tarar ya yi ƙura. Yau da safe ta sake ɗaure ƙunshin. Ban kwance ba, na gaji da kwancewa, na dai matsar da shi daga hanyar kaji.

Ban ce in ka zo za ta gane ka ba. Ban sani ba, likita ma bai sani ba. Amma ka aske gemun kafin ka shigo.

Kwamfutar tana aiki lafiya lau, ba ta sake tsayawa ba ko sau ɗaya.

Allah ya kawo ka tana nan.

Mansura